Ranar da Na Hana Kiɗa a Gayyar Babanmu

Ba na jin zan taɓa mantawa da gayyar da na shugabanta a gonar Babanmu, a ƙauyenmu can bayan Dawakin Tofa. Shekarun fari ne. Damina biyu a jere ba mu ga abin kirki ba, rumbunmu har kaji sun fara kwana a ciki. A ta ukun ruwa ya sauka, gero ya tsiro, sai kurkunu ya kwantar da Baba. In aka ƙara mako ba a yi noman firi ba ciyawa za ta cinye gonar, kuma ita kaɗai gare mu.

Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga kwalejin horon malamai ba, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro tsari. Baba ya ce in kira gayya. Mutum goma sha takwas suka zo da fartanyoyinsu, Kawu Tanko makaɗi na biye da gangar noma a kafaɗa.

Na tare shi a bakin gona. "Kawu, yau a ajiye gangar nan. Ana cikin wannan hali wa ke ta kiɗa? Aiki muka zo yi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "To Malam, yadda ka ce." Ya koma gindin ɗorawa ya zauna.

Na raba wa kowa kunyoyinsa, nesa da juna don kada a yi surutu. Na rataya usur a wuya (na rantse, usur, irin na faretin 'yan makaranta). Na hura, aka duƙa.

Ba ka jin komai sai ƙarar fartanya da tari. Mutane ne da yunwa ta riga ta ci, ga kowa shi kaɗai da doguwar kunya a gabansa. Wannan ya ce bari ya kama ruwa, ba a sake ganinsa ba. Wancan ya tuna akuyarsa na naƙuda. Kafin rana ta take saura mutum tara, ko kwatan gonar ba a ci ba.

Sai na ce bari in nuna musu yadda ake yi. Na ɗauki fartanya (rabona da ita shekara biyar) na shiga sara ba ji ba gani. Na ci rabin kunya ina haki, sai na ji hannu a kafaɗata. Malam Garba ne, aminin Baba.

"Ɗana, dakata. Wannan da kake sarewa shi muka zo ceto."

Na waiwaya. Gero kwance a bayana, ciyawa na tsaye lafiya lau. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ana haka Inna ta iso da ƙwaryar kunu a ka. Ta dubi gonar, ta dube ni. "Ina Tanko? Tun safe nake kasa kunne ban ji ganga ba, har na ɗauka rasuwa aka yi."

Na je gindin ɗorawa na durƙusa. "Kawu, a yi haƙuri, a taimaka."

"Malam ya ba da izini ke nan?"

"Kawu, don Allah."

Ya miƙe ya buga, kuma da ni ya fara: "Malam mai usur, ya bar ciyawa ya kashe gero!" Dariya ta ɓarke, Malam Garba har da zaman dirshan. Da yake gonakinmu a manne suke da gidaje, waɗanda suka zame suka ji suka dawo, har da waɗanda ban gayyata ba. Suka watsar da rabon da na yi, suka jeru kafaɗa da kafaɗa. Kawu na kiran kowa da sunan kakansa, wanda aka bari a baya a yi masa ihu, ya zabura ya cimma sahu yana dariya. Yunwar nan dai tana nan, amma ka rantse wasu mutanen aka kawo. Kafin la'asar sakaliya gona ta yi fes.

Na zauna a kan kunya na yi ajiyar zuciya, wallahi har da hawaye. Geron nan shi ya riƙe gidanmu a shekarar.

Yanzu ni ma ina da malamai a ƙarƙashina. In na wuce ofishinsu na ji ana ƙyaƙyata dariya ba na leƙawa. In dai aiki na tafiya, ko ni ake yi wa, Allah Ya ƙara.