Gumbar da Na Yi da Irin Baba

Ba zan taɓa mantawa da sadakar arba'in ɗin mahaifinmu ba, duk da na so a ce na manta.

Baba ya rasu da bazara. Ni ne babban ɗa, ni ne kuma ɗan bokon gidan. Ina koyarwa a Ungogo, ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa kuwa sai sallah-sallah nake leƙawa. (Rabona da fartanya tun ina firamare, amma in ana zancen noma a zaure, bakina ya fi na kowa.) Inna tana takaba, sai na kafa doka cewa kada wanda ya dame ta da tambaya, ni zan tsaya a kan komai.

Da aka zo yin gumbar sadaka, na hau rumbu da kaina. Can sama na hango dami biyu na gero a rataye daban, zangarniya dogaye, ƙwaya cike kamar an zaɓa. (An zaɓa ɗin ne, ni ne ban sani ba.) Na ce Baba ya fi ƙarfin a yi masa sadaka da geron ƙasan rumbu. Ƙanwata Hadiza ta ce, "Yaya, da dai an tambayi Inna." Na harare ta, ta ja bakinta. Aka sussuke, aka surfe, aka daka da sukari. Dattawa suka ci suna sa mini albarka, ni kuwa sai gyara zaman hula nake.

Bayan kwana tara aka yi ruwan shuka. Na iso da sassafe, na tarar Baffa Sule, ƙanin Baba, ya tara maƙwabta a ƙofar gida, kowa da sunguminsa. Gonar marigayi za su fara shukawa kafin tasu.

"Malam, shiga ka ɗauko mana iri," in ji Baffa.

"Wane iri, Baffa?"

"Irin Yaya mana. Dami biyun nan da ya rataye a saman rumbu."

Da bakina na faɗi abin da na yi, a gaban kowa. Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da na fi samun sauƙi. Baffa ya jingina sunguminsa da bango, ya ce, "Ashe gonar bana muka cinye, har muna sa maka albarka."

Hadiza ta riga ni kai wa Inna labari. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Kowa a garin nan ya koma irin kasuwa," in ji Inna, "shi kaɗai ya riƙe na kakanku. Duk kaka yana bin gona yana zaɓen zangarniyar nan ɗaya-ɗaya. Yana kwance ba ya iya tashi ma, sai da ya ce in duba ko gara ta taɓa su." Sannan ta ce, "Allah ya kai masa ladan."

Ba ta yi mini faɗa ba. Na yi kuka ranar fiye da ranar jana'iza.

Maƙwabta suka harhaɗo abin da ya samu, aka shuka. Gero ya fito, wani dogo wani gajere, amma ba na Baba ba ne, kuma na Baba ba zai ƙara fitowa ba.

Ranar na gane manomi ba ya kai mafi kyawun hatsinsa baki, ƙasa yake ajiye wa. Ni da digirina, sai da na cinye gadon ubana da sukari kafin na sani.