Jita Biyu a Kunnena

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safiyar Alhamis abin ya fara. (Na san mintin ne don na rubuta shi. Ni komai sai na rubuta.)

Bilki, 'yar kawuna na Kabo, za ta yi aure, kamu kuma washegari. Tare muka taso, don haka na tsara mata waƙa, baiti huɗu da amshi, na ƙudurta zan rera da jita in naɗa a kwamfutar gidanmu. Kwamfutar ta tebur ce, ba ta tafiya ko'ina, motarmu kuma za ta tashi daga Gwarzo bayan la'asar. In ban gama kafin nan ba, babu kyauta.

Sai dai babu wanda ya san ina kaɗa jita. Ta Yaya Sani ce, ya bar ta da makirfo da ɗan akwatin sauti da ya koma Kano aiki. Shekara biyu ina koyo da tsumma a ƙarƙashin tsirkiyoyin don kada a ji. A gida an san ni da littafi ne kawai, gaisuwa ma sai an kasa kunne.

Ranar tsakar gidanmu cike yake da mata ana tuyar alkaki da dubulan, Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, tana ba da umarni. Na kulle ɗaki, na toshe kunnuwa da iyafis, na taɓa tsirkiya ɗaya. Sai na ji biyu. Tawa, da wata a bayanta, ta ɗan makara, kamar mai kwaikwayona don tsokana.

Na buɗe sabon shafi, na ja layi da rula. Gwaji na ɗaya, na canza waya. Na biyu, na matsar da makirfo. Na biyar, na rataya bargon Inna a bango, wai ko ɗakin ne ke amsa kuwwa. Kowane gwaji sai na faɗi lambarsa a makirfo, in rera waƙar daga farko, in rubuta sakamako. (Sakamakon duk iri ɗaya ne, amma na rubuta shi sau ashirin da uku, da kyakkyawan rubutu.)

Wajen na goma sha biyar na fara yi wa kaina faɗa. "Ke dai sakarya ce. Kin ci lissafi, kin kasa maɓalli." A na ashirin kuwa na shaƙe murya irin ta Gwaggo Asabe na ce, "Aljanu ne, 'yar nan! A kawo garwashi a yi hayaƙi!" Har na yi wa kaina dariya.

Da na ga a agogo azahar ta yi na haƙura, na ce bari in yi alwala in dawo. Na cire iyafis, karo na farko cikin awa uku da wani abu. Hannuna ya goga jitar, sai na ji ta amsa. Daga waje.

Na buɗe ƙofa. Ga mata wajen ashirin sun zuba min ido, ga ƙatuwar sifika a kan turmin da aka kifa. Wata ta rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauki amshin waƙata, kalma ba ta ɓace musu ba.

"Ga garwashin nan," in ji Gwaggo Asabe, tana nuna murhu da matsami. "Ina aljanun?"

Na so ƙasa ta tsage.

Anti Rabi, matar babban yayanmu, ita ta ja ni ɗaki tana share hawayen dariya. Ashe da safe ta haɗa sifikar da kwamfutar don mata su ji waƙoƙin biki. Ta nuna min wani ɗan maɓalli mai hoton lasifika a fuskar kwamfutar, a gefen layin sautin da nake naɗa. "Akwatin nan yana ba ki sautinki kai tsaye. Wannan kuma yana sake fitar da shi ta kwamfuta, a makare, shi ne yake zuwa mana, ya dawo miki ta taga." Ta danna sau ɗaya. Jita ta biyu ta mutu.

Gwaji na ashirin da huɗu shi ya tafi Kabo. A wajen kamu matan Gwarzo suka riga sifika amshi, Bilki ta yi ta kuka cikin mayafi, aka sa waƙar sau uku. Ban ɓuya ba. Da aka tambayi mai ita, ni na ɗaga hannu.

A ƙasan shafin na rubuta darasi ɗaya: kafin ki zargi waya da bango, cire abin da ke kunnenki.

A mota muna dawowa na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, awa uku fa. Me ya sa ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa?"

Ta ce, "Rabi ta tashi za ta kashe, ni na ce ta zauna. Shekara goma sha tara muna jiran mu ji muryarki a gidan nan. Ranar da ta fito ne za mu kashe?"