Tiren da Ya Ƙi Shiga Ɗakin Gwaggo

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan yayana ba, ranar da ni da tirena muka faɗa bakin 'yan unguwa. Amma tun ba mu yi nisa ba bari in faɗi gaskiyata: tiren nan ba shi da laifi ko na sisin kwabo. Duk wanda ya ba ku labarin ta wata fuska, ku turo min shi.

Gidanmu tsohon gida ne a cikin birnin Zazzau, can wajen Limancin Kona, irin gidan da sai ka bi lungu ka sake karya kwana kafin ka hango soronsa. Da na gama makaranta na zauna ba aikin fari balle na baƙi, sai na samu wata cibiyar koyon sana'a a Tudun Jukun. Ƙawayena duk suka zaɓi ɗinki da girke-girke. Ni kuwa ina leƙa wani ɗaki na ga inji yana sassaƙa katako shi kaɗai, ba hannun kowa a kai, sai kwamfuta a gefe tana nuna masa inda zai bi. Na tsaya baki buɗe har aka ce in matsa. Daga ranar na liƙe a ɗakin nan.

Baba bai hana ba, bai kuma ce to da ƙarfi ba. Matsalata Gwaggo ce, yayarsa. Tun rasuwar mijinta ta dawo gida ta tare a tsohon ɗakin ƙasan da kakan Baba ya gina, kuma maganarta a gidan yankan wuƙa ce. Kullum na dawo da yamma tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, sai ta tsaya a tsakiyar tasbihi ta ce, "Ga kafintan gidanmu nan. Sannu da aiki, Malam Kafinta. Ɗiya mace tana warin garin katako, Allah Ya kyauta." Ta yi ta hure wa Baba kunne har wata rana ya kira ni ya ce, "Bari matar yayanki ta sauka lafiya a yi suna, sai mu zauna a kan zuwanki wurin nan."

Wanda ya san Baba ya san fassarar "mu zauna". In ya ce haka, to abu ya kusa ƙarewa. Raina ya ɓaci, na yi kuka a ɓoye, sannan na share hawaye na rantse sai na yi abin da zai rufe bakin kowa kafin zaman ya zo. Tire zan yi na katako, wanda za a kai wa manyan baƙi abinci a kai ranar suna, kowa ya gani da idonsa.

Na ɗauki hoton zanen da ke bangon soronmu da waya, irin murɗaɗɗen adon nan na maginan da, na zauna na kwaikwaye shi a kwamfuta. Yadda aikin yake, inji zai fara ƙwaƙule gurbin zanen a jikin katakon madaci mai duhu. Sannan ya yanko zanen shi kansa daga farin katakon malaina. Sai a shafa gam a dasa farin cikin gurbin, a matse da ƙarfi, a bar shi ya kwana. In ya bushe a bi shi da sanfefa har sai yatsa ya kasa gane inda baƙi ya tsaya fari ya fara. A baki kamar wasa.

Da na yi zanen daidai tiren mutane, siraran layukan suka riƙa karyewa kamar busasshiyar taliya tun inji bai gama yanka ba. Injiniya, mai koya mana, ya ce in rage murɗe-murɗen. Ni in rage adon gidanmu? Na ce faufau. Maimakon haka sai na ƙara wa zanen girma don layukan su yi kauri. Suka sake karyewa, na sake ƙarawa. (Abin haushi da kwamfuta shi ne, ko ka zana abu kamar filin idi, a fuskarta bai wuce tafin hannu ba.) Ranar da Injiniya ya ga katakon da na ɗora a kan inji, ya zagaye shi ya ce, "Malama, wannan tiren na mutum nawa ne?"

Na ce, "Na gidan girma ne, Injiniya."

Ya ɗaga kafaɗa ya kunna inji. Sau ɗaya aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, aikin yini ya tashi a banza, na sake daga farko. Amma da aka gama na shafa masa mai, wallahi ni kaina sai da na ja baya na kalle shi. Farin zanen ya kwanta cikin madacin kamar da shi aka halicce shi, ga santsi kamar madubi. Na naɗe shi a zani, na rungumo shi a tsaye cikin a-daidaita-sahu, na shigo da shi gida a karkace, na cusa bayan gado.

Ranar suna gida ya cika maƙil. Surukar yayana, wata Hajiya mai kamala da ba ta ɗaga murya, ta zo da tawagarta, aka sauke su a ɗakin Gwaggo, don nan ake kai baƙin da ake ji da su, ga shi kuma ɗakin ƙasa akwai sanyi. Da azahar ta gabato na fito da tirena na warware zanin. Na jera babban kwanon funkaso, kwanon miyar taushe, jug ɗin zoɓo da kofuna, har wuri ya rage. Umma ta kalle ni ta ce, "Ke, kai musu ɗaya bayan ɗaya mana, wannan ai ya fi ƙarfinki." Na yi kamar da bango take.

Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wadda na yi daga madafa zuwa ƙofar Gwaggo ba. Mata suna darewa suna "Masha Allah! Wannan daga Saudiyya aka zo da shi?" Ni kuma ina amsawa da muryar da na tabbatar za ta kai ɗakin ƙasa, "A'a, ni na yi shi. Da inji." Har rage sauri na yi don kowa ya more kallo.

Na yi sallama na sunkuya zan shiga, sai na ji ƙwas ta dama, ƙwas ta hagu. Tire ya daki gefen ƙofa duka biyu. Ƙofar nan da nake shiga tun ina rarrafe, ban taɓa lura ashe ƙofar mutanen da ba ce, 'yar siririya, wadda aka yi don mutum ɗaya da ƙwaryarsa. Tire in ba kaya a kai, a karkace yake shiga ko'ina. Da miya a kai kuwa, a kwance dole.

Na ce a raina ba komai, dabara ta fi ƙarfi. Na juya shi kaɗan na tura kusurwa ɗaya gaba. Ta shiga. Na ƙara turawa, rabi ya shiga. Daga nan ya cije. Gaba ya ƙi, baya ya ƙi, yatsuna sun matse tsakanin mariƙin tire da katakon ƙofa, gumi yana shiga min ido. Baƙi a ciki sun zuba min ido, matan tsakar gida a baya suna leƙe.

Gwaggo ta ce, da irin sanyin muryar da take yi in akwai baƙi, "Malam Kafinta, tsaya a sauke kwanonin daga nan ciki. Ba ya shiga."

Da wani ne ya faɗa da na yarda, don shawara ce mai kyau. Amma daga bakin Gwaggo, a gaban surukai, da wannan sunan? Na ce, "Zai shiga, Gwaggo." Na ja numfashi, na sa ƙugu na banka.

Ya shiga kuwa. Katakon gefen ƙofar ne ya yi ƙara ya ɓalle (gara ta daɗe da cinye cikinsa, wannan kowa ya shaida daga baya), ƙyauren ya langaɓe gefe, ƙasa ta zubo. Ni kuma na tafi luu da ƙarfin da na taho da shi. Santsin da na kwana biyu ina gogewa don a yaba shi ya yi aikinsa: kwanoni suka sulale gaba ɗaya. Funkaso ya watse yana gangarawa ƙarƙashin gado, zoɓo ya bi tabarma, miyar taushe kuwa ba ta zame ko'ina ba sai cinyar Hajiya, a kan farin leshinta.

Ɗaki ya ɗauki salati. To duk wannan tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. Abin da har yau in na tuna nake rufe fuska shi ne abin da na yi bayan nan. Ina tashi daga durƙuson da na faɗi, ban kalli Hajiya ba. Tirena na ɗaga, na juya shi wajen hasken ƙofa, na goge shi da gefen mayafina, na bi zanen da yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan na sauke ajiyar zuciya na ce, a fili, kowa yana ji, "Alhamdulillahi, ko ƙwarzane bai yi ba."

Hajiya tana riƙe da leshinta nesa da jiki, kabewa na ɗiga, ta dube ni ta ce a hankali, "To madalla, 'yata. Tunda shi yana lafiya, ai mu da sauƙi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na zube ina ba da haƙuri. Allah Ya taimaka miyar ta sha iska, ba ta ƙone ta ba. Umma ta kawo mata atamfa ta sauya, ni na tsuguna bakin rijiya ina wanke leshin baƙuwa ana buɗa a tsakar gida, duk wadda ta wuce sai ta tambaye ni ya jikin tire.

Washegari da safe Baba ya zo ya tsaya a ƙofar da ta karye, Gwaggo tana gefe tana zayyano laifuffukana tun daga yaye. Na san zaman ya zo da wuri, kuma ni na jawo shi da hannuna. Duk da haka na ƙudurta ko za a hana ni zuwa, ba zan ce na yi nadamar yin tiren ba. Baba ya murtsuke guntun katakon ƙofar, ya zama gari a hannunsa. Ya ce in kawo abin da ya yi ɓarnar. Ya karɓa ya daɗe yana kallon zanen, ya shafa shi da babban yatsa, ya waiga wajen soro, ya sake kallonsa. Bai yaba ba. Baba ba ya yabo.

Ya ce, "Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Ɗakin Yaya ba zai zauna da labule ba. Ki koma wurin injin naki ki yi mata sabuwar ƙofa, mai kyau. Sai kin gama mu zauna."

Gwaggo ta saki baki. "Au, hukuncin ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, Yaya," ya sa takalminsa ya fita.

Na yi ƙofar. Na so in faɗaɗa ta, Gwaggo ta ce in na ƙara ko faɗin yatsa ba ta yafe ba, don haka har yau tirena bai sake shiga ɗakin da kaya a kai ba. Ƙofa ta ƙare, wata ya wuce, shekara ta zagayo, Baba bai sake ta da maganar zama ba, ni kuma ban haukace da zan tuna masa ba.

Yanzu duk wadda ta zo in yi mata tire, kafin in tambayi irin adon da take so sai na tambayi faɗin ƙofarta. Ɗaya darasin kuwa ya fi wuya, kuma ban ce na gama koyonsa ba: in ka kifar wa mutum da miya, fara tambayar lafiyar mutumin. In ya so daga baya, in ba mai kallo, ka duba tirenka.