Rumfar Alhaji Barmo ta Dubai

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, da ƙarfe goma da kwata na safe, Alhaji Barmo ya fara cin mutuncina. Na duba agogo, shi ya sa na sani. Ni ne Malam Ilu Tanko. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamaren Kukar Bawa kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa rubuta abin da ban gani da idona ba.

Ga wanda bai san Barmo ba, wani mutum ne a garinmu da bakinsa ke riga ƙafarsa isa wurin taro. In ka ce ka hau jirgi, shi matuƙin ne ya roƙe shi ya riƙe masa sitiyari. In ka ce ka yi zazzaɓi, nasa sai da ya dafa ƙwai a hammata. Ni na koyar da shi. Shekara uku ya yi a aji huɗu, kuma rabin kwanakin nan ba ya zuwa.

A bana gwamnatin jiha ta fito da shirin rigakafin cutar daji. Aka turo mana wata likita, Dakta Ladidi, ta tara mu ta yi bayani. Ta ce gyaɗa da masarar da ake shanyawa a kan ƙasa mai danshi suna yin hunhuna, hunhunar nan kuwa in an daɗe ana cinta tana iya jawo cutar daji a hanta. Ta ce abin da ake kashewa a jinyar mutum ɗaya ya isa a saya wa unguwa guda tamfol na shanya. Ni ban buƙaci dogon bayani ba. Ƙanena Sallau na kai asibiti cikinsa kamar tulu, gawarsa na dawo da ita.

Garinmu aka zaɓa don gwaji. Tamfol ɗari da ashirin, kowane manomi ɗaya, kafin a cire gyaɗa. In abin ya yi kyau, sai a yaɗa shi duk jiha. Aka kafa kwamiti. Barmo ya zama shugaba da ƙarfin maƙogwaro, ni aka ba ni sakatare.

To ni ina da hali guda. Duk bencin da ya shiga makarantata sai na sa masa lamba. Da tamfol suka iso aka jibge su a siton makaranta, na sayi jan fenti da burushi, na yi kwana uku a durƙushe. Kowane ɗaya na shimfiɗa shi na rubuta lamba da sunan mai shi, da manyan baƙaƙen da ɗan bayan aji zai iya karantawa.

Ranar Talatar nan na zo rabo, na tarar da sito wayam. Ko igiyar ɗauri ba a bari ba. Barmo na zaune a bakin ƙofa da 'yan kwamiti, yana cin goro.

Na ce, "Barmo, ina kayan?"

Ya ce, "An raba, Malam. Jiya-jiya. Ni ba na aikin sanyin jiki."

"Wa aka ba?"

"Jama'a."

"Jama'a suna da suna. Wane da wane?"

Ya dubi mutane ya girgiza kai, wai tausayina yake ji. "Allah sarki. Kun ga abin da nake gaya muku? Alli ne. Shekara da shekaru yana shaƙa, ya hau masa kai. Malam, je ka huta, mun sauke maka nauyin sakatare."

Aka yi dariya. Mutum bakwai suka yi, ina da sunayensu.

Bai tsaya nan ba. Duk manomin da ya je neman nasa, sai ya ce masa, "Ai Malam Ilu ke da takardar suna, shi ya san inda ya kai naka." Inna Tabawa mai ƙuli-ƙuli, wadda ke noma gyaɗarta da kanta tun rasuwar mijinta, shekara ashirin tana gaishe ni a hanya. Ta daina. Rannan ta tsaya a ƙofar gidana ta ce, "Malam, in tamfol ɗina ka rufe ɗakin awaki da shi, ka faɗa mini in haƙura." Na buɗe mata ɗakin awakin ta leƙa. Ta tafi ba ta yarda ba.

Na rubuta takardar ƙara har sau uku. Duk ukun ta hannun shugaban kwamiti suke bi.

Ranar Alhamis, ashirin da biyar ga Satumba, Dakta Ladidi ta dawo da manya daga babban birnin jiha, su ga yadda gwaji ya tafi. Barmo ya riga ya sa rai za a damƙa masa rabon jiha gaba ɗaya, don haka ya ce taro a ƙofar gidansa za a yi. Ba a gayyace ni ba. Na sa farar rigata na je, na zauna can baya.

Gaskiya rumfa ta yi rumfa. Ta rufe fili tun daga ƙofar zaure har bakin titi. Ta ciki an lulluɓe samanta da farin yadi, an yi masa tattara-tattara. Wata guda ke nan ana hayarta a gidajen biki, surukinsa ke karɓar kuɗin. Manoma an tara su a gefe, an gargaɗe su cewa duk wanda ya buɗe baki babu shi a rabon gaba.

Barmo ya karɓi lasifika.

"Ranku ya daɗe, tun da na raba tamfol a garin nan, cutar daji ta tattara kayanta. Ni na raka ta tasha. Gona-gona na bi da ƙafata, har takalmi uku na kashe. Yanzu gyaɗar Kukar Bawa in ka fasa ta, ƙamshin turare take yi."

Wani babba mai tabarau ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, wannan rumfa taka ta burge ni."

"Daga Dubai, ranka ya daɗe. Guda biyu kawai aka yi irinta a duniya. Ɗayar ma sun ce ba ta kai wannan ba. Ko teku aka juye mata, ɗigo ɗaya ba ya sauka."

Bai rufe baki ba hadari ya amsa masa. Kun san ruwan ƙarshen damina, ba ya sallama. Iska ta yi fuuu, sai ruwa, shaaa.

Da fari ba komai. Barmo na nuna sama yana murmushi. To amma rumfar ba ƙyalle ɗaya ba ce, gida-gida aka harhaɗa ta, kuma ruwa ya san mahaɗi. Ɗis. Ɗis. Ɗis-ɗis-ɗis. Farin yadi ya fara shan ruwa, yana saukowa kamar tumbin saniya. Farin yadi kuwa in ya jiƙe ba ya rufa wa kowa asiri. Sai ga ja yana fitowa. Nan ja, can ja. Ja ya zama baƙaƙe.

Na gane rubutuna tun daga baya. Babu mai yin "T" irin tawa a ƙaramar hukumar nan.

Dakta Ladidi ta karkata kai tana karantawa a hankali. Sannan ta juyo.

"Alhaji, mutanen Dubai sun san Inna Tabawa ne?"

"Wa?"

"Ga shi nan saman kanka. Lamba sha bakwai, Inna Tabawa."

Barmo ya ɗaga kai. Ya ce, "Sunan kamfani ne, ranki ya daɗe."

Daga gefe aka ji murya. "Kamfanin ƙuli-ƙuli ne, ɗan nan. Ga ni."

Daidai nan alluran da ke riƙe da yadin suka gaji. Yadi ya ɓalle, ɓarrr, ya sauko da ruwan da ya kai randa biyu, ya rufe Barmo tun daga hula har takalmi. Lasifika ta yi ƙiii ta mutu. Saman rumfar ya buɗe gaba ɗaya, sunaye jere reras kamar allon aji.

Ni dai ban san lokacin da na miƙe ba. Jiki ne ya tuna aikinsa. Na zo tsakiya, na gyara tabarau, na ɗaga kai.

"Lamba ɗaya, Ɗanlami Maƙeri."

Daga gefe aka ce, "Ina nan, Malam."

"Lamba biyu, Mati Na-Rafi."

"Ina nan, Malam."

"Kun karɓa?"

"Yanzu dai muke ganinsa, Malam."

Na kira suna sittin da huɗu. Kowa ya amsa, har da waɗanda suka daina gaishe ni. Babban nan mai tabarau yana rubutu, ruwa na ɗiga masa a takarda bai damu ba. Da ya tambayi sauran hamsin da shida, wani ya ce suna gidan wani biki a ƙauyen gaba, sai Lahadi za a kwance.

Duk wannan abin Barmo bai fito daga cikin yadi ba. Yana tsugune, sai ɗan motsi, kamar kazar da aka kife da kwando. Na matsa kusa.

"Barmo Audu."

Shiru.

"Barmo Audu, aji huɗu."

Ko tari. Na juya na gaya wa Dakta Ladidi, "Ki rubuta bai zo ba. Ya saba."

An kwance rumfa a ranar, kowa ya naɗe nasa ya saɓa a kafaɗa. Na Inna Tabawa ya dawo da huda huɗu da tabon miyan biki, amma ta shanya gyaɗarta a kai. Ta aiko mini da ƙuli-ƙuli cikin kwano.

Yanzu ina jin Barmo na yawo a gari yana cewa da gangan ya yi, wai gwada ƙarfin tamfol yake kafin ya ba talakawa, kuma wai shi ya kira ruwan. An turo mini dattawa biyu in yi haƙuri, a gama magana a zaure. Ban yarda ba. A gaban mutane ya ce alli ya hau mini kai, a gaban mutane ya maishe ni ɓarawon tamfol.

Abin da nake nema shi ne wannan. Ranar kasuwa mai zuwa, bayan azahar, Alhaji Barmo ya tsaya a rumfar masu gyaɗa, da lasifikar da ke aiki, ya ce: "Na yi wa Malam Ilu Tanko ƙarya, ina neman gafararsa da ta manoma ɗari da ashirin." Na rubuta masa jimlar a takarda da manyan baƙaƙe. Na san karatunsa, shi ya sa na ba shi mako guda ya yi bita.