Azurfar Kaka Ozella

"Lafiya ƙalau na tashi, sai da na gan ka," in ji Kaka Ozella, tana hawa matakalar barandarmu da sandarta. "Kai Lamont, wa ya yi maka wannan askin? Injin yankan ciyawa?"

"Tsohuwa mai ran ƙarfe! Na ɗauka a coci za su riƙe ki, su jera ki cikin tsofaffin kujeru."

Haka mijina da kakarsa suke gaisawa tun da na san su, kuma kullum ni ce mai dariya. Ran nan kuwa ko murmushi na kasa. Ɗanmu Amari, ɗan wata bakwai, yana kwance a kafaɗata, jikinsa zafi rau, hanci sai zuba yake. Murarsa ta huɗu ke nan tun da dasashinsa ya fara kumbura, kuma tun da gari ya waye ya ƙi kama nono. Likitarsa ta ce in zafin ya wuce ɗari da biyu a ma'aunin Farenhait na nan Amurka mu kai shi, ko da ran Lahadi ne. Namu ma'aunin ya lalace, shi ne na aiki Lamont kantin magani, sai ga shi sun iso tare da Kaka.

"Me ka sayo a ledar nan?"

"Abin da ya fi ƙarfin kanki. Ma'aunin zafin jiki ne."

"Ji asara! Yaro na fitar da haƙori ka je ka sayo masa agogo. Haƙori ne ke jawo majina, kowa a Mississippi ya sani."

"Ke za ki koya mini zancen haƙori? Ke da naki a kofin ruwa suke kwana?"

"Su ɗin ma sun fi naka fari, mai bakin akuya."

Ta buɗe jakarta, ta ture burodin masarar da ta kawo mana gefe, ta zaro wani jan zare. A jikinsa akwai 'yar azurfa ta senti goma mai huda, ta suɗe har kan mutumin da ke jikinta ba ya ganuwa.

"Yara goma sha ɗaya suka rataya wannan a wuya, har da kai. Haƙora suka fito salin alin, mura ta gudu."

"Shi ya sa nawa suka fito a karkace! Ashe ke ce."

"Wannan kuma gadon dangin ubanka ne, kar ka shafa mini."

Lamont ya ce, "Ba mai ɗaura wa ɗana zare a wuya ya shaƙe shi. Likita ta ce haƙori ba ya kawo mura. Lokacinsu ne kawai ya zo ɗaya. Kariyar da ya samo daga jikin uwarsa ta fara ƙarewa, komai ya gani sai ya kai baki, ga yara goma sha biyu a gidan raino kowa na yi wa kowa atishawa."

"Likitar nan shekararta nawa?"

"Talatin da wani abu."

"Hular da ke kaina ta girme ta."

"Ai da gani. Tsuntsu ma ya yi sheƙa a ciki ya tashi."

Raina ya ɓaci, gaskiya. Su suna wasansu, ni kuma numfashin yaro nake ƙirgawa. Na ce, "Don Allah ku bar musun nan, a auna mini ɗana." Lamont ya yi ta kokawa da kwalin, ya kasa buɗe shi. Sai a lokacin na gane duk surutun nan tsoro ne ya hana shi yin shiru.

"Ɗan injiniya, kwali ma ya gagare ka? Miƙo mini yaron, Renita. Nawa ma'aunin ba ya cin batir."

Ta karɓe shi, ta ɗora leɓenta a goshinsa. Amari ya saki wani siririn kuka, ya kai hannu ya ja kunnensa na dama. Ya sake ja.

"Tun yaushe yake jan kunnen nan?" in ji Kaka.

"Tun jiya da rana," na ce.

Ma'aunin ya yi ƙara. Lamont ya duba. "Ɗari da biyu da ɗigo takwas." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "To, tsohuwa, me azurfarki ta ce?"

"Ta ce ka tada mota."

"Ke fa kika ce haƙori ne."

"Haka aka ce mini a kan kawunka Cleon. Kwana biyar yana jan kunne, duk matan cocinmu suna cewa haƙori ne. Ka taɓa tambayar abin da ya sa sai ka zaga ta hagunsa yake jin maganarka? Wannan zaren yana wuyansa a lokacin."

Lamont ya tsaya da makulli a hannu. Ni kuwa tuni na saɓi jakar yaro, na karɓi Amari. Kaka ta kamo hannuna, ta danƙa mini azurfar, ta naɗe mini yatsu a kanta.

"Riƙe, 'yata. Ba na wuyansa ba ne, naki ne. Tafiyar minti arba'in ce zuwa asibitin, hannun uwa yana son abin matsewa."

"Wato kin yarda na kayar da ke?" in ji Lamont.

"Na yarda. Sau ɗaya cikin shekara talatin da biyu, ka rubuta ka liƙa a bango." Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bayan hannu, ta buga masa sanda a ƙwauri. "Wuce mu je, mummuna. Ni ce a kujerar gaba, kuma in ka tsaya sayen mai sai na tuƙa da kaina."