Gazon, Tsutsa da Kajin Aro

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗiyata ta biyu, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Shekarar da aka turo ni koyarwa Diffa daga Damagaram, na ga ciyawar ado, wadda ake cewa gazon, a harabar wani ofishin masu aikin agaji. Na ce ni ma sai na yi. Na shuka ta a wani lungu ta gefen gida, ina ba ta ruwa safe da yamma (ko tattasan gonakin garin Chétimari bai taɓa ganin irin wannan gata ba). Ta yi kore shar. A lakkol kuwa, wato makarantarmu, na ishi abokan aiki da labarinta.

Da matata Hadiza ta haihu, na sanar a ɗakin malamai cewa a kan gazon za a yi walimar la'asar. A gida kuma na hana a aro tabarmi.

"Malam, baƙin a ƙasa za su zauna?" in ji ta.

"A kan ciyawa," na gyara mata.

Ana gab da suna sai tsutsa ta sauka, ƙanana masu ratsi a baya, suna cin gazon kamar an ba su kwangila. Maƙwabcina Ba Modu, manomin tattasai, ya ce ga maganin feshi. Na ƙi, don kajin Hadiza na kiwo a kusa, kuma ba na son gubar ta biyo ƙwai ta shiga cikin mai jego. Nan dai na yi daidai. Daga nan ne ilimi ya yi min yawa.

Na taɓa karantawa a wani littafi cewa kaza maganin tsutsa ce. Na ga namu sun yi kaɗan, na aro na Ba Modu, na kulle su duka a akurki, na hana su tsaba yini guda don su yi aiki da zuciya ɗaya. Da safen suna na sake su a lungun, na ja ƙyaure, na fita wajen raɗin suna da fiɗar rago. Ban sake leƙawa ba.

Da la'asar na shigo gaba, direktan lakkol na bayana cikin farar shadda, malamai na biye. Na buɗe ƙyaure da ɗan jawabi a bakina.

Babu tsutsa ko ɗaya, wannan a rubuta. Gazon ma babu. Kajin sun tone ta har saiwa, sun haƙa ramuka suna birgima, sun bar kashinsu ko'ina. Wani zakara ya dube mu kamar mun shigo ba sallama.

Direkta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe" (wato malam, da Faransanci), "gero za ka shuka ko gyaɗa?"

Malamin lissafi ya ce, "A'a, gazon ɗin na ƙarƙashi, sai an tona."

Na lallaɓa ɗakin mai jego. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Tabarmin suna ƙarƙashin gado," ta ce. "Tun jiya na aika aka aro."

A ƙofar gida aka shimfiɗa tabarmin, kamar yadda kowa ke yi.

Har yau Mushe Gazon ake kirana a lakkol. Abin da na koya shi ne, littafin bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi lokacin da ake mayar da kaji akurki ba. Maganar tabarma kuma na daina sa baki.