Wace Tudun Wadar?

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin zaɓen gwamnan nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Burumburum ba za su bar ni ba. Gara in faɗa da bakina kafin ku ji a bakin taubashina Tanko, don shi idan ya ba da labari sai ya ƙara masa gishiri da yaji.

Shekarata goma sha tara a Kaduna ina facin taya a bakin titi. Karatu kuwa a aji biyu na sakandare na ajiye shi, amma ina iya haɗa baƙi, kuma wannan ɗan haɗa baƙin ne ya jefa ni a rami. A can idan aka tambaye ni garinmu ba na cewa Burumburum, don da na faɗa sai a kwashe da dariya, a ce sunan gari ne ko ƙarar tsohon babur. Sai in ce Tudun Wada, sunan ƙaramar hukumarmu, in huta.

Wata shekara aka ce kowa ya je ya yanki katin zaɓe. Ni ba zaɓen ne ya dame ni ba, abin nunawa nake so idan an tambayi shaida a hanya. Na bi layi a wata firamare kusa da inda nake kwana. Da aka zo kaina, mai rubutun ya ce, "Malam, ina ne wajenka?" Na ce, "Tudun Wada." Bai ko ɗaga kai ba ya buga. Wallahi har daɗi na ji a raina, na ce ashe garinmu ya yi suna haka.

(Eh, na san akwai unguwa mai wannan sunan a Kaduna. A gefenta ma nake kwana. Amma ni a wajena tamu ce ta gaskiya, waccan aron suna ta yi, kuma ban ga dalilin da gwamnati za ta bar ta gaskiya ta rubuta ta aro ba. Kada ku tambaye ni. Haka kaina ya ba ni.)

Kati ya fito, ga hotona kamar wanda aka kama da akuya, ga TUDUN WADA da manyan baƙaƙe. A sama akwai KADUNA, na gani sarai. Na ɗauka inda aka buga katin ke nan, kamar yadda ake rubuta ƙasar da aka ƙera taya a gefenta. Na naɗe shi a leda na jefa a ƙasan akwati.

Da aka faɗaɗa titi aka tashe mu, na tattaro injin iskata da ciwon bayana na dawo gida. A nan na tarar da abin da ya fi ciwon bayan zafi. Samarin garinmu, waɗanda na yi wasan ƙasa da iyayensu, sai su durƙusa su ce, "Baba, daga ina?" A garin ubana! A majalisarmu ta gindin darbejiya kuwa na iske wani Malam Isiyaku, mutumin Ba'awa ta ƙasar Kiru, mai gyaran injin ban ruwa, ya yi kane-kane a tsakiyar benci. Shekararsa huɗu kacal a garin, amma ya san sunan 'ya'yan kowa. Maganar taki a tambayi Isiyaku, maganar rijiya a tambayi Isiyaku. Ni kuwa in na yi magana sai a ce "haka ne" a ci gaba da wata hirar. Mutumin bai taɓa yi min komai ba, Yaya ma yake ce min. Wannan ya ƙara ba ni haushi.

Zaɓen shugaban ƙasa ban fita ba, na ce wannan rigimar manya ce. Amma da na gwamna da ɗan majalisar jiha ya matso, na ga dama ta samu da za a san waye ɗan gari. Ranar Laraba da la'asar na gyara murya a majalisa na ce, "Doka a fili take. Zaɓen jiha na 'yan asalin wuri ne. Kowa ya koma inda aka binne cibiyarsa ya dangwala. Mutumin Kiru ba zai zaɓa mana ɗan majalisa ba."

Isiyaku ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ai na sauya tun bara. Na je ofishin hukumar zaɓe na ce nan nake zaune yanzu, aka mayar da sunana nan."

Na ce, "Ka sauya me? Mutum yana sauya uba ne?"

Tanko, taubashina, ɗan kawuna da ba ya raga min ko a gidan makoki, ya tafa hannu ya ce, "Allah ya ja zamanin Lauya! A wace kotun ka karanto wannan, ta masu faci?"

Na ce su yi dariyarsu, ranar Asabar za a gani. Na ce ni da kaina zan tsaya a bakin akwati.

Asabar da hantsi na sa farar shadda, na ciro kati daga leda, na nufi firamare. An manna sunayen masu zaɓe a bango, mutane na bi da yatsa suna neman nasu. Ban ko kalli wajen ba. Me zan nema? A bayan makarantar nan aka haife ni.

Isiyaku na gabana da mutum uku. Yana miƙa katinsa ga jami'ar, wata yarinya 'yar hidimar ƙasa mai gilashi, na fito daga layi na ɗaga hannu.

"Dakata, 'yata! Wannan bawan Allah ba ɗan nan ba ne. Ɗan Kiru ne. Ina da shaidu."

Har layin mata sai da ya juyo. Yarinyar ta haska katinsa da na'ura, ta ɗauki fuskarsa, ta buɗe rajista ta sa yatsa a kan wani layi.

"Baba, ga sunansa, ga hotonsa. Na'ura ta karɓe shi. Duk ɗan ƙasa da ya kai sha takwas, inda yake zaune ko inda yake aiki yana da damar yin rajista. Shi kuwa a akwatin nan yake."

Da wani mai hankali ne a matsayina da ya koma layi. Ni sai na zaro katina na buga shi a kan tebur, na ce, "To duba ki ga yadda katin ɗan gari yake!"

Ta haska. Ta goge shi da gefen mayafinta ta sake haskawa. Ta bi rajista daga farko har ƙarshe. Sannan ta kawo katin kusa da gilashinta, ta yi ƙasa da murya, Allah ya saka mata, ta ce, "Baba, wannan ai na Kaduna ne."

"A Kaduna aka buga shi dai."

"A'a Baba, jiharka ke nan a rajista."

"Karanta ƙasa! Me aka rubuta?"

"Tudun Wada."

"To nan ina ne?"

"Tudun Wada ce, amma ba ita ba ce."

Na kalli bangon makarantar, ga Tudun Wada a rubuce. Na kalli kati, ga Tudun Wada a rubuce. Baƙi ɗaya, ba ragi ba ƙari. Kaina ya fara juyawa kamar an cire wa taya iska ana tafiya.

"Yanzu ni wa zan zaɓa ke nan?"

"Gwamnan Kaduna, in kana can. A akwatin da ka yi rajista."

"Ina ruwana da gwamnan Kaduna? Gonar ubana tana nan!"

"Ba a hana ka ba, Baba. Kana da haƙƙin ka dawo da sunanka nan, ko don zamanka ko don asalinka. Amma sai ka nema tun kafin a rufe. Yau kam ba yadda zan yi."

"To shi da ba ɗan nan ba zai yi, ni ɗan nan ba zan yi ba?"

"Haka ne."

"Dokar ce ta ce haka?"

"Ita ce."

A nan Tanko, wanda yake danne dariya tun ɗazu, ya kasa daurewa. Ya fito tsakiyar fili ya ce, "Jama'a, a ba baƙo hanya! Daga Kaduna ta Kudu ya zo sa ido! Lauya, ka tabbata ba ta Zariya ba ce? Ko ta Jos? A duba masa da kyau, kada mu tura shi wadda ba ita ba!"

Dariyar da aka yi har ɗan sandan da ke gadi sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Wata tsohuwa a layin mata ta ce, "Wai ɗan wa ne?" Aka gaya mata. Ta ce, "Allah sarki, ubansa mutum ne mai shiru-shiru." Wannan ta fi dariyar ciwo.

Na ɗauki katina. Gida ba nisa, amma sai na ratsa layin mata kafin in fita, kunya kuwa ta hana ni. Ina nan tsaye Isiyaku ya fito daga bayan labulen dangwala ƙuri'a da tawada a babban yatsa. Na shirya ya rama. Sai ya ja min kujerar 'yan makaranta zuwa inuwa ya ce, "Yaya, zauna rana ta yi sanyi. In an buɗe sauyi zan kai ka ofishin, na san wanda ake gani."

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. A kujerar nan na yini gwiwoyina a ƙirji, har aka ƙirga ƙuri'u a gaban kowa. Tasa na ciki. Tawa na aljihu.

Har yau, in gaya muku gaskiya, ban gama gane yadda gari ɗaya zai zama ba shi ba. Abin da na gane shi ne hukuma ba ta san inda aka binne cibiyar kowa ba, inda ka kai sunanka da ƙafarka ta sani. Kuma duk wanda zai ƙwace katin wani ya duba, ya fara karanta nasa tun daga layin sama.

Da aka buɗe sauyin, Isiyaku ya zo ƙofar gidana da babur ya yi ham. Na hau baya. Ban ce masa na gode ba sai da muka wuce kasuwa, inda ba mai ji.